Tsohuwar Kyamara ko Sabuwa: Wacce Ta Fi Gani a Cikin Duhu?

Ɗaukar hoto da rana tsaka aiki ne da kusan kowace kyamara ke iya yi ba tare da an gane mai tsada da mai araha ba, domin hasken rana yana da yawan da ke rufa wa kowace na'ura asiri. Bambancin yana fitowa ne bayan magariba, ko a cikin ɗaki, ko a zauren biki da aka ƙawata da fitilu masu launi, inda hasken da ke isa ga kyamara kan gaza na filin rana sau dubu ko fiye. A irin wannan yanayi ne hoto ke fitowa da yashi-yashi, wato ƙananan ɗigo masu launi da ke ɓata fuska da bango, ko ya fito dishi-dishi saboda motsi, ko kuma kyamarar ta kasa tantance abin da aka nufa da ita. Tun da kamfanoni na fitar da sabbin samfura kusan kowace shekara, kuma kowanne na zuwa da alkawarin gani a cikin duhu, mai saye yakan ɗauka cewa sabuwar kyamara ta fi tsohuwa ta kowace fuska. Lamarin bai kai haka sauƙi ba, kuma wanda ya fahimci yadda haske ke zama hoto zai iya tsimin kuɗi mai yawa.

A cikin kowace kyamarar zamani akwai wani ɗan faranti da ake kira sensa, wanda ya maye gurbin fim ɗin da, kuma an rarraba fuskarsa zuwa miliyoyin ƙananan gurabe da ake kira fiksel, kowane gurbi yana karɓar haske ya mayar da shi lantarki. Haske kansa yana saukowa ne a matsayin ƙwayoyi da masana kimiyya ke kira foton, kuma saukarsu ba ta da tsari, kamar yadda yayyafi ke sauka a kan kwanukan da aka jera a tsakar gida: idan ruwan kaɗan ne sai wani kwano ya sami ɗigo biyar wani ya sami tara, amma idan aka yi mamako sai duk su cika kusan daidai. Lissafin abin sananne ne, domin gurbin da ya sami ƙwayoyi 100 yana iya saɓa wa maƙwabcinsa da kusan 10, wato kashi goma cikin ɗari, alhali wanda ya sami 10,000 saɓaninsa bai wuce 100 ba, wato kashi ɗaya cikin ɗari. Wannan saɓani shi ne tushen mafi yawan yashi-yashin da ake gani a hoton dare, kuma da yake daga ɗabi'ar haske ya fito, babu kamfanin da ya isa ya kawar da shi. Abin da kawai za a iya yi shi ne a tara haske mai yawa.

Hanyoyin tara hasken kuwa uku ne, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ta dogara da shekarar da aka ƙera kyamara. Ta farko ita ce girman sensa. Sensar da ake kira cikakkiya tana da faɗin milimita 36 da tsawon milimita 24, daidai da tsohon fim, yayin da wadda ake kira APS-C, wadda ke cikin mafi yawan kyamarorin masu koyo, ba ta kai rabin wannan fili ba, ta wayar salula kuwa ta fi wannan ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ta biyu ita ce faɗin ƙofar lensi, wato gilashin da ke gaban kyamara, kuma ana rubuta wannan faɗi da harafin f tare da lamba, inda ƙaramar lamba ke nufin babbar ƙofa. Lensin da aka saba haɗawa da kyamara a kwali yakan tsuke zuwa f/5.6 idan aka janyo abu kusa, alhali lensi mai milimita 50 da ke buɗewa zuwa f/1.8, wanda yana cikin mafi araha a wurin Canon da Nikon, yana shigar da haske kusan ninki goma na wancan. Ta uku ita ce tsawon lokacin da labulen kyamara ke zama a buɗe, wanda ake auna shi da ɓangaren daƙiƙa, sai dai tsawaita shi yana da iyaka, domin mutane ba sa tsayawa cik kamar gunki.

Akwai kuma lambar ISO, wadda ta fi kowane abu rikita masu saye, saboda ita ce ake bugawa da manyan haruffa a tallace-tallace. Ɗaga ISO ba ya ƙara ko ƙwayar haske ɗaya. Abin da yake yi shi ne ƙara ƙarfin ɗan lantarkin da sensa ta riga ta tara domin hoton ya yi haske, kuma yana ƙara shi ne tare da duk yashin da ke ciki. Don haka kyamarar da aka rubuta cewa tana kaiwa ISO 204,800 ba lallai ba ne ta fi wadda ke tsayawa a 25,600 tsabtar hoto idan aka gwada su duka a 3200, kuma hotunan da ake ɗauka a can ƙololuwar lambobin ba kasafai suke da amfani ga wanda zai miƙa wa abokin ciniki aiki ba. Haka ma batun yawan fiksel: an daɗe ana cewa mai fiksel da yawa ta fi yashi, amma idan aka buga hotuna biyu a takarda mai girma ɗaya, daga sensa masu girma ɗaya kuma na zamani ɗaya, bambancin yakan zama kaɗan ƙwarai.

Inda shekaru ke da tasiri shi ne a ingancin sensar kanta, kuma tarihin wannan ci gaba bai tafi da sauri iri ɗaya ba. An ƙirƙiro sensa nau'in CCD a 1969 a ɗakin binciken Bell da ke Amurka, ta hannun Willard Boyle da George Smith, kuma ita ce ke cikin yawancin kyamarorin farkon shekarun 2000, waɗanda hotonsu kan fara lalacewa da zarar an wuce ISO 800. Nau'in CMOS, wanda Eric Fossum da abokan aikinsa suka inganta a farkon shekarun 1990 a wata cibiyar hukumar sararin samaniya ta Amurka, shi ne ya karɓe fagen daga baya saboda ƙarancin cin wuta da saurin karatu. Babban tsalle ya zo a 2007 lokacin da Nikon ta fitar da D3 mai cikakkiyar sensa da megafiksel 12, wato fiksel miliyan 12, wadda ta sa ISO 3200 da ma 6400 suka zama abin aiki ga 'yan jarida da masu ɗaukar wasanni, sannan a 2008 ta saka irin wannan sensa a D700 mai sauƙin farashi, a shekarar da Canon ta fitar da 5D Mark II mai ɗaukar bidiyo. Daga nan zuwa tsakiyar shekarun 2010 aka samu raguwa sosai a abin da ake kira hayaniyar karatu, wato yashin da wayoyin cikin kyamara ke ƙarawa da kansu yayin da suke kwashe lantarki daga sensa. A 2014 Sony ta fitar da A7S, wadda aka ƙera musamman domin duhu, sannan a 2015 ta kawo A7R II, cikakkiyar sensa ta farko da aka mayar da wayoyinta baya domin kada su tare wa haske hanya.

Bayan wannan lokaci sai ci gaban ya lafa, kuma dalilin ba kasalar injiniyoyi ba ne. Sensar zamani tana kama kaso mai yawa na ƙwayoyin hasken da suka ratsa matatar launi da ke gabanta suka iso gare ta, kuma hayaniyar karatu ta sauko ƙasa ainun a manyan lambobin ISO, saboda haka filin da ya rage na ƙarin inganci ya ƙuntata. Sakamakon haka shi ne, idan aka ɗauki hoton abu ɗaya a ISO 6400 da Nikon D750 ta 2014 da kuma wata cikakkiyar kyamara mai megafiksel 24 da ta fito shekaru bakwai ko takwas bayanta, da lensi iri ɗaya, mai kallo na yau da kullum zai sha wuya kafin ya nuna wanne ne na wacce. Amma tsakanin kyamarar 2005 da ta 2014 tazarar a bayyane take ko ga wanda bai taɓa riƙe kyamara ba. Wannan ne ya sa kalmar tsohuwa ba ta wadatar wajen yanke hukunci, dole sai an tambayi tsohuwa ta wace shekara, kuma mai wace irin sensa.

Akwai wani bambanci tsakanin tsofaffin da kansu wanda ya shafi masu ɗaukar hoton biki kai tsaye, inda ango ke sanye da farar shadda mai ƙyalli a ƙarƙashin fitila, fuskoki kuma suna cikin inuwa. Idan aka auna hasken domin kada rigar ta ƙone ta zama fari fat, fuskar takan yi duhu, sai a buƙaci ɗago ta a kwamfuta daga baya. Sensar da ke cikin Nikon D7000 ta 2010 da D750 tana jure irin wannan ɗagowa sosai, alhali Canon 5D Mark II ta yi suna wajen fitar da layuka da launuka marasa kyau a inuwa idan aka matsa mata, kuma sai a 2016, da fitowar 80D da 5D Mark IV, Canon ta rage wannan gibi. Duk wannan yana aiki ne idan an ɗauki hoton a tsarin RAW, wato ɗanyen bayanin sensa kafin kyamara ta sarrafa shi, domin tsarin JPEG ya riga ya zubar da yawancin abin da za a ɗago.

Fifikon sabbin kyamarori yana wani wuri dabam, kuma fifiko ne na gaske wanda bai kamata masoyan tsofaffi su raina ba. Tun daga 2018, shekarar da Sony ta fitar da A7 III kuma Canon da Nikon suka fitar da EOS R da Z6, kasuwa ta karkata ga kyamarori marasa madubi, wato waɗanda aka cire musu madubin da ke tura haske zuwa tagar leƙe, aka maye shi da ɗan allo mai nuna abin da sensa ke gani. Babbar ribar wannan sauyi ita ce fokas, wato daidaita lensi domin abin da ake nufi ya fito tas. Tsohuwar kyamara mai madubi tana da 'yan wuraren fokas da suka taru a tsakiyar hoto, kuma a duhu sau da yawa na tsakiyar ne kawai abin dogaro, kamar yadda yake a Canon 6D ta 2012. Sabuwa kuwa tana da ɗaruruwan wurare da suka mamaye kusan dukkan hoton, tana gane fuska da ido, tana kuma bin su duk inda suka juya. Muhimmancin wannan yana ƙaruwa idan aka buɗe lensi zuwa f/1.8, domin a lokacin yankin da ke fitowa tas yakan zama siriri har ido ya fito amma kunne ya dushe, kuma kuskure kaɗan ya isa ya ɓata hoton amarya da ba za a sake ɗauka ba. Hoto mai ɗan yashi ana iya gyara shi, wanda fokas ya kuɓuce masa kuwa sai dai a goge.

Riba ta biyu ita ce na'urar hana girgiza da ke cikin jikin kyamara, wadda ke motsa sensa domin ta soke rawar hannu. Sony ta fara saka mai kusurwa biyar a cikakkiyar kyamara a A7 II ta 2014, kuma Canon ta ce R6 ta 2020 tana iya kaiwa mataki takwas da wasu lensuna, inda kowane mataki ke nufin ninka tsawon buɗewar labule sau biyu. Ko da ba a samu dukkan abin da talla ta faɗa ba, mai ɗaukar hoton gini ko titi ko cikin ɗaki da dare zai iya barin labule a buɗe kwata ko rabin daƙiƙa ba tare da sanda mai ƙafa uku ba. Sai dai na'urar tana tsayar da hannun mai ɗauka ne kawai, ba ta tsayar da yaran da ke tashe ko 'yan matan da ke rawa a wurin kamu, waɗanda ke buƙatar labule mai sauri kamar 1/250 na daƙiƙa ko da wace kyamara aka zo.

Fitilun zamani ma sun kawo tasu matsalar. Wutar lantarki a Nijeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, wanda ke sa fitilu da yawa, musamman masu arahar nan na LED, su riƙa ƙyaftawa sau 100 a daƙiƙa ba tare da ido ya lura ba, amma kyamara mai saurin labule tana kama wannan, sai wani hoto ya fito da haske wani da duhu, ko launi ya sauya daga sama zuwa ƙasa. Canon ta saka tsarin gano ƙyaftawa a 7D Mark II ta 2014, kuma yawancin sabbin kyamarori suna da irinsa, yayin da mai tsohuwa zai dogara ga tsayar da labule a 1/50 ko 1/100, dabarar da kan kuskure idan janareta ne ke ba da wuta kuma juyinsa bai daidaita ba. Abin lura shi ne, ɗaukar hoto marar ƙara da ake yaba sabbin kyamarori da shi yana ƙara tsananta matsalar a yawancinsu, domin sensa tana karanta hoton layi bayan layi, sai ratsi-ratsi su bayyana. A fannin bidiyo kuwa babu gardama, sabbin sun yi wa tsofaffin fintinkau, D700 ma ba ta ɗaukar bidiyo ko kaɗan.

Wani abin da ya sauya lissafin, kuma ya sauya shi ne domin amfanin tsofaffi, shi ne manhajojin goge yashi masu aiki da ƙirƙirarriyar basira. DxO ta fitar da DeepPRIME a 2020, Adobe kuma ta saka irin wannan aiki a Lightroom a 2023, kuma dukansu suna karɓar ɗanyen hoton kyamarar da ta shekara goma sha biyar su tsabtace shi fiye da yadda aka yi tsammani a lokacin da aka ƙera ta. Suna buƙatar kwamfuta mai ƙarfi da haƙurin jira, kuma idan aka matsa musu sukan mayar da fata sumul kamar roba, su ƙirƙiro zanen da babu shi a jikin leshi. Wayoyin salula suna bin wata hanya dabam, musamman tun bayan da Google ta fitar da Night Sight a 2018, wato ɗaukar hotuna da yawa a jere a haɗe su wuri ɗaya, dabarar da ke yin kyau ga abin da ke tsaye amma take ɓata mai motsi.

Tsohuwar kyamara mai madubi tana da wasu fa'idoji da ba su shafi duhu kai tsaye ba, amma suna da nauyi a inda wuta ba ta tsayawa. Bisa ma'aunin da kamfanonin ke amfani da shi, batirin D750 yana ɗaukar hotuna 1,230 a caji ɗaya, na A7 III yana ɗaukar 710 idan aka yi aiki da allon baya, na A7 II kuwa bai kai 400 ba. Ƙurar hunturu ma ta fi saurin isa ga sensar marar madubi, wadda a yawancinsu ke buɗe a fili idan aka cire lensi. Sannan lensunan tsohon tsari, EF na Canon da F na Nikon, sun cika kasuwar kayan hannu a farashi mai sauƙi, kuma ana iya ɗaura su a kan sabbin kyamarori da zoben haɗi, ko da yake zoben FTZ na Nikon ba ya juya fokas na tsofaffin lensunan da ke dogara ga injin jikin kyamara. A ɗaya gefen kuma, Canon da Nikon sun mayar da ƙarfinsu ga marasa madubi, kuma manyan masu madubinsu na ƙarshe, 1D X Mark III da D6, sun fito ne tun 2020, saboda haka kayan gyaran tsofaffi za su riƙa wahala sannu a hankali.

Mai sayen ta hannu yana da abubuwan da ya wajaba ya bincika kafin ya biya. Labulen kyamara yana da adadin bugu da aka ƙiyasta masa, 150,000 ga D700 da D750 da 5D Mark II, 100,000 ga 6D, kuma ana iya gano adadin da aka riga aka buga ta hanyar manhaja ko bayanan da ke cikin hoto, wanda ya fi kyan fenti faɗin gaskiya game da wahalar da ta sha. Ya kamata a rufe lensi a ɗauki baƙin hoto na daƙiƙoƙi da dama domin a ga fiksel masu lahani da ke ƙyalli a cikin baƙin, a ɗauki farin bango da tsukakkiyar ƙofa domin a ga ƙura ko tabon mai, matsalar da Nikon D600 ta 2012 ta yi ƙaurin suna a kanta, a kuma haska cikin lensi da tocila domin neman fumfuna. Gwajin fokas kuwa a yi shi a cikin ɗaki marar haske sosai, ba a bakin shago da rana ba. Wasu tsofaffin, kamar D700 da 5D Mark II, suna amfani da memori nau'in CF, wanda samun na ƙwarai ya fara wuya.

Idan aka haɗa waɗannan duka, hukuncin ya danganta ne da abin da za a ɗauka da kuma abin da ke aljihu. Wanda ke ɗaukar gine-gine, ko taurari, ko mutanen da ke zaune su fuskanci kyamara, kuma kuɗinsa ƙayyadadde ne, cikakkiyar kyamara ta tsakanin 2012 da 2016 haɗe da lensi mai f/1.8 za ta ba shi hoton dare mafi tsabta fiye da sabuwa fil mai ƙaramar sensa da lensin kwali, ko da farashinsu ɗaya ne. Wanda kuwa abincinsa ya rataya a kan bukukuwan dare da bidiyo, inda mutane ke motsi kuma ba a maimaita lokaci, marar madubi ta 2018 zuwa sama ta cancanci ƙarin kuɗin, saboda yawan hotunan da za su fito tas, ba saboda ƙarancin yashi ba. Kyamarar da ta girmi 2007 ba ta dace da aikin dare na kuɗi ba, kuma wanda ke riƙe da wata mai aiki a hannunsa ya fara sayen lensi mai faɗin ƙofa, ya koyi sarrafa filasha ta hanyar jefa haskenta a silin ko farin bango, kafin ya yi tunanin sauya jikin kyamara.